Nusret da Igwar Shan Ruwa

Shekara goma sha tara na yi a tsaye a tagar gidan burodin Rasim ina miƙa wa mutanen garin nan somun, wato faffaɗan burodin nan namu, kuma duk wanda ya san ni, ni Remzija, ya san ba na kwasar maganar gidan wani in kai kasuwa. Amma abin da gidan Inna Zumra suka yi wa ɗansu Nusret ya tsaya min a wuya, ya ƙi wucewa. Na yi shiru lokacin da ya kamata in yi magana. To yanzu zan yi ta, wanda zai ji haushi ya ji.

Nusret ya zo neman aiki saura wata biyu azumi, shekara shida da gama yaƙi. Dogo ne siriri, bai kai arba'in ba amma furfura ta cinye masa kai. Kowa ya san ya yi shekara uku da rabi a bakin daga, kowa kuma ya san tun da ya dawo aiki ba ya zama a hannunsa. Injin yankan katako, kwana tara. Garejin motoci, wata guda. Gadin makaranta, bai cika sati biyu ba. Ba wanda ya taɓa cewa ya yi sata ko rashin kunya, sai dai a ce rannan ya ajiye kayan aiki ya fita, bai dawo ba.

Rasim tsoho ne mafaɗaci, amma ba mugu ba ne. Ya dube shi sama da ƙasa, ya sa ya buɗe masa tafin hannu ya gani, sannan ya ce, "Ka ga, ni ban san gwarzo ba, burodi na sani. In ka fitar min da azumin nan lafiya, aikin ya zama naka har ka gaji. In ka gudu, kar ka dawo min da labari."

Nusret ya ce ya ji, ya gode.

Wata biyun nan, wallahi ban taɓa ganin ma'aikaci irinsa ba. Yana riga kowa zuwa. Cikin sati guda ya san halin tanderunmu, har ya gane kusurwar hagu ta can ciki tana ƙona burodi in ba a juya shi da wuri ba, abin da waɗanda suka gabace shi sai sun shekara suke ganewa. Ba ya surutu. Na dai lura ba ya juya wa ƙofa baya, kuma in tire ya faɗi ƙasa yakan daɗe kafin ya koma kan abin da yake yi. Ranar da ya karɓi albashin farko ya saya wa matarsa Izeta takalman sanyi, ya fara kawo su nan ya nuna min, yana tambaya ko mata na son irin wannan launi. Na ce in ba ta so ya dawo min da su, ƙafarmu ɗaya. Ranar na fara ganin haƙoransa.

Sai azumi ya kama a tsakiyar sanyi, rana na faɗuwa tun ƙarfe huɗu da 'yan mintoci. A garin nan ba gidan da zai sha ruwa ba somun mai zafi da habbatussauda a bayansa, don haka daga la'asar layi yake miƙewa a cikin dusar ƙanƙara har kwanar kantin magani. Igwar shan ruwa kuwa tana kan tsohuwar ganuwar dutse da ke bisa tudu, daidai saman rufinmu. Ita ke faɗa wa gari rana ta faɗi tun ladan bai buɗe baki ba. Mai kunna ta Hasib ne, yayan Nusret uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan kwamitin masallaci, wanda ya yi nasa yaƙin a Jamus a wani kamfanin tayil, ya dawo mana da mota da tumbi.

Ranar ɗaya ga wata, Rasim yana waje yana faɗa da masu tsallake layi, ni ina taga, Nusret yana bakin tanderu da shebur ɗin katako. Igwa ta tashi. Gilashin taga ya girgiza kamar kowace shekara, mutane suka ce alhamdulillahi, wasu suka fara gutsurar somun ɗinsu a tsaye. Na juya in karɓi na gaba, ban ga kowa a bakin tanderu ba. Shebur na ƙasa. Nusret yana ƙarƙashin teburin kwaɓi a dunƙule, hannayensa biyu a kan ƙeya, bakinsa na motsi ba sauti.

Na zaro abin da ke cikin wuta, takwas sun ƙone, na cusa su a jakata kafin Rasim ya shigo. Na durƙusa ina kiran sunansa a hankali. Sai da na kira ya fi sau goma kafin ya dube ni, kuma abin da ya fara cewa shi ne, "Kowa lafiya? Ba wanda ta samu?"

Na ce kowa lafiya, igwar Hasib ce, tashi ka sha ruwa.

Washegari da safe, muna mu biyu, ya faɗa min. Ya ce bara Izeta ta raka shi babban asibitin birni, likitan ƙwaƙwalwa ya ba shi magani da takarda. Takardar ta ce ciwon da yaƙi ke bar wa mutum ne, yana iya kowane aiki, sai dai a nisanta shi da ƙarar fashewa. Na ce to ai shi ke nan, kawo wa Rasim ya gani, minti goma kawai za a ɗaga maka a lokacin igwa. Ya sunkuyar da kai ya ce takardar da maganin duk suna cikin akwatin Inna, makullin yana wuyanta. Sati guda da dawowarsu daga birni ta karɓe, ta ce a gidanta babu mahaukaci.

Sannan ya kama hannun rigata ya ce, "Yaya Remzija, don girman watan nan ki rantse ba za ki faɗa wa Maigida ba. In maganar ta fita ta bakinki, Inna ba za ta ƙara duban fuskata ba. Kwana ashirin da tara ne, zan daure."

Na rantse. Wannan rantsuwar ita ce wautar da ta fi kowace a rayuwata, kuma na yi wauta da yawa.

Amma ban rantse ba zan je gidansu ba. Ranar uku ga azumi, bayan shan ruwa, na sa takalmana na tafi. Gida ɗaya suke duka, Hasib da iyalinsa a sama, Inna Zumra a babban ɗaki, Nusret da Izeta a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin. Tsohuwar ta karɓe ni da fara'a, ta sa Izeta ta kawo kofi da sukari. Muka taɓa maganar sanyi da ciwon gwiwa. A kofi na biyu na faɗi abin da ya kawo ni.

Fuskarta ba ta canza ba. Ta ce, "Remzija 'yata, ni na haife shi, na fi wani likita saninsa. Wancan yaron na birni, duk wanda ya shiga ofishinsa sai ya rubuta masa ciwo. Maganin nan kuwa na ga aikinsa, ya mai da min da ɗa kamar buhun dankali, barci da rana tsaka. Ya riƙe salla, ya riƙe aiki, zai wuce."

Na ce aikin ne ai yake neman kuɓuce masa. Ta ce Hasib na da 'ya'ya mata uku, babbar har an fara tambaya, wa zai shigo neman aure gidan da aka ce akwai taɓin hankali? Ta ce garin nan ƙarami ne, takarda in ta shiga hannun Rasim da safe, kafin azahar matan bayan kogi sun haddace ta.

Hasib ya sauko yana sakace haƙori, ya tsaya a ƙofa ya saurara. Ya ce shi bai ga abin ɗaga hankali ba, kowa a garin nan ya ga yaƙi, ba a ga kowa a ƙarƙashin tebur ba. Igwa kuwa tun zamanin kakanni ake buga ta, ba za a daina don mutum ɗaya ba. Na ce ba wanda ya ce a daina. Na ce kuma gaskiyarsa, kowa ya ga yaƙi, na ji an ce a talabijin ɗin Jamus ma an nuna shi sosai.

Ba a jima ba Inna Zumra ta sa aka kawo kofi na uku, tsararo kamar ruwan wanki, wanda ko yaron goye a ƙasar nan ya san ma'anarsa: baƙo ya nemi takalmansa. Izeta ce ta rako ni zaure. Tana miƙo min mayafi ta ce da ƙaramar murya ba ya barci, ba ya cin abin kirki, tun ranar farko. Na ce to ke me kike jira? Ta ce, "Yaya, ni baƙuwa ce a gidan nan. Ɗakin da muke kwana ma nasu ne."

Sai na ƙirƙiro dabara. Kullum in saura minti biyar igwa ta tashi, sai in ɗaga murya in ce fulawa ta ƙare a sama, Nusret ya sauka ɗakin ƙasa ya ɗauko buhu. Can ƙasa tsakanin buhuna ƙarar ba ta kaiwa da ƙarfi. Yakan zauna ya toshe kunne da auduga, in ta wuce ya hauro da buhu a kafaɗa, fuskarsa ta yi fari fat amma a kan ƙafafunsa. Kwana goma muka yi haka.

Sai dai minti biyar ɗin nan su ne minti biyar mafi tsada a ranar mai gidan burodi. Layi ya riƙa tsayawa. Mutane suka fara isa gida bayan kiran salla hannu wayam, matansu na aiko da baƙar magana. Rasim kuma ba makaho ba ne, ya ga buhuna na taruwa a sama ba a ko kwance bakinsu ba. Ya fara shinshinar ɗakin ƙasa, yana neman warin taba ko kwalba.

Ranar sha huɗu ga wata Hasib ya zo sayen somun da wuri kafin ya hau tudu. Rasim ya tare shi a bakin tagata, a gabana, ya ce masa tsakani da Allah, ƙanenka yana da wata damuwa da ya kamata in sani? In akwai ka faɗa min, ni ma uba ne.

Hasib ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce, "Baba Rasim, damuwarsa ɗaya ce, son jiki. Autan Inna ne, an shagwaɓa shi tun yana ƙarami. Ka ga lokacin da aiki ya fi zafi shi ne yake sulalewa, ko? Haka ya yi a ko'ina. Ka matsa masa, taimakonmu za ka yi."

Ina tsaye da somun a hannu, bakina ya buɗe, rantsuwa ta rufe shi. Mutumin nan ya gwammace a kira ƙaninsa malalaci a gaban jama'a da a ce ba shi da lafiya. Yammacin nan Rasim ya kulle ɗakin ƙasa ya jefa makullin a aljihu.

Daga nan Nusret ya riƙa karɓar igwar a tsaye. Tun azahar idonsa ke kan agogon bango. In lokaci ya matso sai ya riƙe shebur da hannu biyu, ya kafa ƙafafu, gumi na zuba a cikin sanyin nan. In ta tashi jikinsa duka sai ya zabura, ya yi kamar minti guda ba ya gani ba ya ji, sannan ya ci gaba da zaro burodi. Ranar sha bakwai ya jingina damtsensa da bakin tanderu bai sani ba, sai da na ji ƙauri na fizge shi. Ranar ashirin na same shi a bayan gida yana kakarin amai, ga ciki ba komai. Wandonsa ya yi masa yawa har ya huda sabon rami a bel. Somun ya riƙa ƙonewa biyu, uku, Rasim na faɗa, shi yana ba da haƙuri.

Amma bai gudu ba. Ina so a rubuta wannan a inda ba zai goge ba. Kullum in mun rufe sai ya ce min, saura tara, Yaya Remzija. Saura bakwai. Saura biyar. Ya ce in aikin ya tabbata zai kama musu ɗaki shi da Izeta a bayan kogi, inda wani tudun ke tare ƙarar. Har na fara yarda zai kai.

Ashe wata daga cikin masu layi ta hango shi ta taga ranar farko, magana ta yi ta yawo a hankali har ta isa kunnen Hasib. A garin nan kuma, yammacin da za a shiga daren ashirin da bakwai, ba mai igwa ke kunna ta ba. Akan zaɓi mutum ɗaya da gari ke son girmamawa a ba shi sandar wuta, iyalai su hau tudu da abincinsu a sha ruwa tare a can. Sai Hasib ya miƙe a masallaci bayan sallar Juma'a ya sanar cewa bana ƙaninsa ne zai kunna, gwarzon da ya tsare garin nan shekara uku da rabi. Mutane suka yi ta sa albarka.

Nusret bai sani ba sai da aka zo yi masa murna a bakin taga. Ya je gida ya roƙe su. Izeta ta faɗa min daga baya har ƙasa ya durƙusa. Hasib ya ce masa tsoro ne kawai, kuma maganin tsoro shi ne ka kunna da hannunka sau ɗaya, ka ga ba komai ba ce sai hayaƙi, shi ke nan ka warke, bakin mutane kuma ya mutu. Inna Zumra ta ce an riga an faɗa a masallaci, kar ya kunyata yayansa. Ta ciro tsohuwar rigarsa ta soja daga akwatin nan dai da takardar ke ciki, ta goge ta da hannunta.

Rasim kuwa murna ya yi. Ya ce ma'aikacinsa ne, dole ya je. Muka gama gashi da wuri, muka rufe taga, ya ɗauki babban tire na somun a kansa, muka hau tudu.

Rabin gari na can. An shimfiɗa barguna a kan ƙanƙara, ga tukwanen miya, ga dabino. Nusret na tsaye kusa da igwa cikin rigar da ta yi masa yawa, Hasib a damansa, Rasim a hagunsa yana ta washe baki. Liman ya duba agogo ya ɗaga hannu. Aka miƙa wa Nusret sandar wuta. Ya karɓa, ya kai ta rabin hanya, hannun ya tsaya. Aka yi tsit. Wani ya yi tari. Liman ya sake ɗaga hannu, rana ta riga ta faɗi, mutane na jiran ruwa.

Sai Hasib ya kama wuyan hannun ƙaninsa, yana murmushi wa jama'a, ya danna shi a kan lagwani.

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar igwa in kana taku uku da ita ba. Abin da na gani shi ne Nusret ya yi wani irin ihu yana cewa a kwanta, ya yi tsalle ya rungumi Rasim ya kai shi ƙasa, ya rufe shi da jikinsa duka, ya danne masa kai da hannu. Tire ya yi sama, somun ya watse a ƙanƙara. Tsohon ya faɗi a kan hannunsa na dama a bisa dutse, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Maza huɗu ne suka ɓamɓare Nusret daga kansa, yana ta cewa kar su tashi, akwai ta biyu tana zuwa. Ladan na kiran salla a ƙasa, ba wanda ya kai dabino baki.

Hasib ya juya ga mutane ya ce santsi ne ya kwashe shi, ƙanƙarar nan ba ta da kyau. Ya ja shi zuwa mota.

Rasim, da ake ɗaga shi, zafi da kunya sun haɗu masa, ya ce kar wannan mutumin ya sake taka masa gidan burodi. Saura kwana uku.

Washegari na sami Rasim zaune a kan buhu, hannu a ɗaure an rataye masa a wuya. Na ce Allah ya yafe min rantsuwata, zan yi kaffara, na kwashe komai na faɗa masa, tun daga ƙarƙashin tebur har zuwa fulawar ƙarya. Sannan ya ce, "Wato da ya kayar da ni, kare ni yake yi?"

Na ce eh.

Ya ce, "Remzija, ke da su duka Allah ya shirye ku. Da an faɗa min ranar farko, da na mai da shi kwaɓin safe, ya tashi da azahar ya tafi inda ya ga dama. Ni da nake neman mai kwaɓin safe shekara biyu. Je ki ki kira min shi."

Na tafi da sauri har ina zamewa. Gidan na ƙamshin man shanu da sukari, ana ta gashin kayan Sallah. Inna Zumra ta tare ni a bakin ƙofa, ko ciki ba ta ce in shiga ba. Ta ce Nusret ba ya nan, Hasib ya kai shi ƙauye wurin kawunsu tun da sassafe ya huta, iskar dutse za ta yi masa kyau. Na ce Rasim na kiransa, aikinsa na nan. Ta ce sun gode, amma ya isa haka, baƙi za su cika gidan ranar Sallah, ba ta son a yi ta kallonsa ana nuna shi da baki. Ta rufe ƙofa a hankali, kamar mai tsoron tada wani daga barci.

Na kai bakin titi sai ga Izeta da gudu, ba mayafi, ta tura min farar rigar aikinsa a ninke ta koma. A aljihun rigar na sami takardar. Ta sace makullin ne lokacin da tsohuwar ke wanka. Rasim ya sa tabarau ya karanta. Layi huɗu ce duka. Ya juya bayanta ya ga ba komai, ya ce, "Wannan ce? Wannan ce abin da aka kulle a akwati?"

Bayan Sallah da kwana biyu na hau motar ƙauye. Na same shi a bayan gidan kawun yana faskare, gemu ya fito, ƙunar damtsensa an ɗaure da tsumma. Na ce Rasim ya ce ka dawo, aikin safe, ba kai ba igwa. Ya yi murmushi irin na wanda ake rarrashi. Ya ce Yaya Hasib ya faɗa masa komai: Maigida ya so kai shi wurin 'yan sanda, da ƙyar Yaya ya roƙe shi ya bari. Na ce ƙarya ce, wallahi ƙarya ce, ga ni na zo daga bakinsa. Na ga maganar ta shige shi, don gatarin ya sauka a hankali.

Sannan ya ce, "Ko da gaskiya ne, Yaya Remzija, ba zan iya ba. Da za mu taho Inna ta ce in na sake sa ƙafa a garin nan ba da izininta ba, ba ta yafe min nonon da na sha ba."

Na yi masa faɗa, na yi roƙo, na yi kuka, ni da ban yi kuka a gaban namiji ba tun rasuwar mijina. Bai motsa ba. Da motar komawa ta zo ya rako ni bakin hanya, ya ce in gaishe da Maigida, in roƙe shi ya yafe masa hannun. Har na sa ƙafa a mota ya ƙara da cewa in faɗa wa duk wanda aka ɗauka ya kula da kusurwar hagu ta can ciki, tana ƙona burodi.

Rasim ya riƙe masa gurbin har ƙarshen sanyi, da hannu ɗaya yana fama. Sau biyu ya je wurin Inna Zumra da kansa, sau biyu ana ba shi kofi na uku. Da ƙanƙara ta narke ya ɗauki wani. Izeta ta koma gidan iyayenta kafin kaka. An yi bikin babbar 'yar Hasib, an ce ba a taɓa taro irinsa ba, shi kuma yanzu shi ne shugaban kwamitin masallaci.

Yaƙi ya ji wa Nusret ciwo, wannan ba wanda ya musa. Amma yaƙi bai kore shi daga aiki ba. Mutumin nan ya tsaya wa igwa kwana ashirin da shida da ciki ba komai, abin da yake bukata bai wuce minti goma da takarda mai layi huɗu ba, kuma waɗanda suka hana shi su ne waɗanda yake ci a kwano ɗaya da su. Ni ma ina ciki, da rantsuwata.

Da azumi ya zagayo, ranar ɗaya ga wata, Inna Zumra ta zo layi da kanta, tana dogara sanda. Wata mata a bayanta ta tambaye ta labarin Nusret. Ta ce lafiyarsa ƙalau, yana ƙauye yana hutawa, aikin burodi ne ya yi masa nauyi. Na naɗe mata somun ɗinta na miƙa mata, ban ce komai ba, don in na buɗe baki Rasim zai rasa mai tsaron taga.

Tana karɓa igwa ta tashi. Gilashi ya girgiza, mutane suka ce alhamdulillahi. Ni kuwa kafin in ankara na riga na juya, na sunkuya, ina duba ƙarƙashin teburin kwaɓi.